Horon Gambo

Ramatu ta kwance tsumman, wari ya cika bukkar. Yatsu biyu suka rage a hannun daman Gambo, su ma sun yi baƙi. Mijinta Malam Auta, mai bisharar 'yar majami'ar da Turawan mishan suka gina wa kutare a bakin kogin Haɗeja, yana tsaye a ƙofa. Ya kasa shiga, ya kasa tafiya.

Ga yadda aka yi. Da ruwa ya janye daga fadama, ƙauyukan gefe suka sa ranar su, wato kamun kifi na gayya, ta faɗo Lahadi, ranar da ikilisiya ta hana aiki. Gambo masunci ne tun kafin kuturta ta kama shi, kuma kifin ranar ne abincin 'ya'yansa har bazara, sai ya ɗauki homarsa ya bi jama'a. Malam ya sa shi horo: zama a bencin baya, ba cin Jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin da masu bi ke tarayya a kai. Wannan doka ce, kowa ya san ta. Amma mabuɗin ɗakin magani ma a wuyan Malam yake rataye, shi ne ya ƙara da nasa: ba ƙwaya, ba wankin miki, sai horo ya ƙare. Baturen mishan bai ce haka ba, Littafi Mai Tsarki bai ce ba. Haushi ne kawai, don Gambo ya mayar masa da magana a gaban mutane. Ƙayar kifi ta soki hannun da ba ya jin zafi, miki ya yi ta ci.

*

Ranar Asabar Malam ya kasa zama wuri ɗaya. Ya share majami'a, ya sake sharewa, ya je bakin ruwa ya dawo. Gobe Bature zai zo daga gari ya ba da Jibi.

"Malam, ka faɗa da bakinka," in ji Ramatu tana tankaɗe. "Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba."

"In na faɗa, za a karɓe mabuɗin, a karɓe wa'azin. Mu nufi ina? Danginmu da suka yafe mu tun ranar baftisma?"

"Kai ka karanta mana, in ka kawo wa Allah baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da magana da kai, ka ajiye, ka je ku shirya tukuna. Ko ayar ta 'yan bencin baya ce kaɗai?"

Malam ya sake ɗaukar tsintsiya. Tsoro yake ji, kuma ya san gaskiyarta. Laifi tudu ne, ya daɗe a kan nasa yana hango na mutane.

*

Ranar Lahadi ya yi wa'azin da ba a taɓa jin irinsa ba. Ya kawo labarin Annabi Natan da ya tsaya gaban Sarki Dawuda ya tona laifinsa, ya ce masa, "Kai ne mutumin." Muryarsa na rawa, hawaye na zuba. Ramatu ta sunkuyar da kai tana jira. Ya buɗe baki, idonsa ya faɗa kan Bature a kujerar gaba.

"'Yan'uwa," ya ce, "dukanmu masu zunubi ne."

Wannan "dukanmu" bargo ne mai faɗi, babba ya sha ɓuya a cikinsa. Bature ya gyaɗa kai, abin ya ratsa shi. Sai Malam ya sanar cewa horon Gambo ya ƙare, ikilisiya ta yafe masa. Aka ce amin. Ramatu ba ta ce ba.

Da aka zo ba da Jibi, Bature ya miƙa wa Malam ƙoƙon ruwan inabi ya zaga da shi. Gambo ya taso daga baya, ya durƙusa, ya ɗago hannayensa naɗe da tsumma. Ya gwada, ƙoƙon ya zame. Dole Malam ya kai masa baki da kansa, ƙoƙon ya karkace a hannunsa har jan ruwan ya fara ɗiga a ƙasa.

Gambo ya dube shi, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Riƙe da kyau, Malam. Kai ai kana da yatsu."