Farin Fure a Gashin Meidi

Ranar da Gu Meidi ta koma tuƙin kwale-kwale bayan jana'izar mijinta Genfa, ta zo da ɗan farin fure na zaren ulu maƙale a gashinta, sama da kunne. Kowa a birnin Suzhou ya san ma'anarsa: matar tana takaba, kuma furen ba zai sauka ba sai makoki ya cika.

Matsayar jirage ta cika maƙil da 'yan yawon buɗe ido. Sun gama zagaya lambunan birni, sun ɗauki hoton duwatsu da kifaye har wayoyinsu sun yi zafi, yanzu kuma suna son a zaunar da su a ruwa a bi da su ta ƙarƙashin tsofaffin gadoji zuwa haikali. Meidi ta fara wannan aiki tun kafin kamfani ya ɗinka wa mata shuɗiyar riga ya ce su riƙa rera wa baƙi waƙa.

"Yaya Meidi, har kin dawo?" in ji Afeng, wadda jirginta ke kusa da nata. "Da kin ƙara hutawa."

"In zauna in yi ta kallon kujerarsa? Gara ruwa."

Baƙin farko da aka turo mata wasu iyali ne daga arewa, sun kawo mahaifinsu bikin cika shekara saba'in. Sun sa wa tsohon jar riga, za su kai shi haikali a roƙa masa tsawon rai. Babban ɗan ya ɗaga ƙafa zai shiga, sai idonsa ya faɗa kan furen. Ya janye ƙafar kamar ya taka garwashi, ya tare mahaifinsa da hannu, ya nufi ofis.

Ba a jima ba Manaja Pang ya sauko. Yaro ne ɗan unguwarsu, Meidi ta san shi tun yana yawo da majina, amma yanzu ya koyi irin muryar nan mai laushi da ake yanka mutum da ita.

"Goggo Gu, ya ƙarin haƙuri? 'Yar magana ce. Kin san yadda abin yake, farin fure a jirgin mai neman tsawon rai."

"Na sani. Su shiga na Afeng."

"Yau su shiga na Afeng. Gobe fa? Amare na zuwa ɗaukar hoto, masu juna biyu na zuwa. Ki cire shi lokacin aiki kawai, ki sa a aljihu, in kin tashi ki mayar. Baba Genfa ba zai ji haushi ba."

"Shi ya gaya maka?"

Afeng ta toshe baki da hannun riga. Pang ya yi kamar bai ji ba.

"To ki ɗaura kallabin kamfani ki rufe shi. Kin ga yana kanki, kuma ba wanda ya gani."

Meidi ba mahaukaciya ba ce. Ba ta ga laifin ɗan tsohon ba, tsoro yake ji wa ubansa, ita ma da furen nan ba za ta taka gidan biki ba. Amma nan ba gidan kowa ba ne, ruwa ne, hanyar kowa. Genfa kuwa mutum ne marar hayaniya, ya ƙare rayuwarsa yana toshe ɓarakar waɗannan jirage, ya mutu ranar Talata, Laraba aka kawo wani a madadinsa. A duk faɗin birnin nan babu abin da ke nuna an taɓa yin wani Lu Genfa sai wannan ɗan zare, shi ne ake so ta ɓoye kamar abin kunya. Ranta ya ɓaci, ɓaci mai zafi. Tsoro ma ya kama ta, don ta san mace mai shekarunta in ta ajiye filafilin tuƙi babu mai sake miƙa mata wani.

"Ba zan rufe ba," in ji ta.

"Goggo, kada ki sa ni a tsaka mai wuya. Ba ni ba ne, daga sama ne. Ko furen, ko filafilin."

"Ɗan Pang, ranar da kakarka ta rasu, uwarka a aljihu ta sa nata?"

Kunnuwansa suka yi ja, amma bai janye ba. Sauran matuƙa mata duk sun sunkuyar da kai suna gyaran igiyoyin da ba su kwance ba.

Meidi ta ɗaure jirginta a turke, ta ja igiyar ta tabbatar ta kamu. Ta tuɓe shuɗiyar rigar, ta ninke ta tsaf, ta ɗora a kan filafili. Sannan ta hau matakalar dutse. Kowa ya ɗauka gida ta nufa.

Sai ta shiga layin sayen tikiti. Ta tsaya bayan wasu 'yan mata masu lema, ta jira har aka zo kanta.

"Goggo, wasa kike yi?" in ji yarinyar da ke bayan taga.

"Mutum ɗaya, zuwa haikali."

Pang ya biyo ta yana haki. "Goggo Gu, me kike yi haka?"

"Yawon buɗe ido. An ce garin nan yana da kyau, na zo in gani." Ta miƙa masa tikitin a gaban hanci. "Ko baƙi ma sai ka duba musu kai kafin su shiga?"

Pang ya waiwaya ya dubi layin. Ga mai gashi rine da shuɗi, ga mai hula da kunnen zomo, ga wani ƙato da furen roba a ka. Kamfani ya koya masa yadda ake juya ma'aikata, amma bai koya masa abin da ake ce wa baƙon da ya biya ba.

Ta sauko, ta shiga jirgin Afeng, ta zauna a gaba kan jar katifar da ta sha kakkaɓe wa wasu. Pang ya yafito wasu baƙi su cika sauran kujerun, amma kafin su iso Afeng ta sa ƙafa ta ture jirgin daga bakin dutse.

"Manaja, jirgina ya cika," in ji ta. "Ka nema wa mai jar riga wani."

Suka shiga ruwa. Meidi ba ta taɓa ganin garinta daga zaune ba. Kullum a tsaye take a baya, ido a kan kwana, tana sunkuyawa a kowace gada. Yanzu gadar ta wuce ta samanta can nesa, har ta ga ciyawar da ta tsiro a tsakanin duwatsun. Fararen bangaye suna tafiya a hankali, wata tsohuwa tana shanya kabeji a taga. Ashe da gaske ne da baƙi ke cewa akwai kyau.

"Baƙuwa tana son waƙa?" in ji Afeng daga baya.

"Kul. Makoki muke yi."

Afeng ta karkata jirgin, suka sha kwana.

"Yaya, gobe fa? Me za ki yi?"

"Ban sani ba, Afeng. Yi tuƙinki, kuma a hankali."

Hannayenta suna kan cinya, babu abin riƙewa. A gada ta gaba mutane sun yi cincirindo suna ɗaukar hoton duk jirgin da ya wuce. Meidi ta gyara zama, ta miƙe wuya, ta juya musu gefen da furen yake. A nan hawaye suka ƙwace mata. Ba ta sunkuya ba, ba ta share ba, ta bar su suka ɗauka da kyau.