Sirdin Keken Nomau da Mato

Bas ba ta shiga lungunan Karantina, iyakarta bakin babban titi. Daga ɗakin su Nomau zuwa can kuwa tafiya ce mai fili, babu inuwa, babu inda mutum zai raɓe idan motar jawazat, jami'an shige da fice, ta ɓullo tana neman marasa takarda. Nomau umra ya zo ya zarce, iƙama, takardar izinin zama, sai dai ya ganta a hannun wasu. Shi ya sa keken nan ya zame masa rabin rai.

Keken na su biyu ne, shi da Mato, ɗan garinsu mai kwana yana dako a tashar jiragen ruwa. Mato zai sauko daga bas da safe, ya kwance keken a ƙofar Abdulghani mai gasa burodi, ya taho gida. Nomau ya karɓa ya koma, ya ɗaure shi a nan, ya faɗa bas zuwa Balad, cikin gari, wurin nemansa. Da yamma a juya. Tsayinsu ɗaya, shekara da shekaru babu wanda ya taɓa sirdin.

Sai ga shi wata safiya Nomau ya hau ya ji gwiwarsa na neman haɓarsa. An sauke sirdin. Ya ɗaga, washegari ya tarar an sake saukewa. Ga Mato ya tsiri makara, har sau da dama Nomau kan iske bas ta wuce, ya tsaya a titi yana raba ido kamar kazar da ta ga wuƙa.

Nomau dai mutum ne da ko gaisuwa ta yi tsawo sai ya nemi dalilinta. Ya tambayi Mato, Mato ya kau da kai ya ce noti ne ya saki. Notin da sai da sufana ake motsa shi? Nan zuciyarsa ta ba shi cewa akwai gajeren da ke hawa. Gajere kuwa a lungunsu Gwadabe ne, wanda ake raɗe-raɗin yana kai wa jawazat rahoto. Wato Mato na ba ɗan rahoto aron keke, ana riƙe shi da gangan don a tsayar da Nomau a titi. Ya ji haushi, ya kuma ji tsoro, tsoron ma ya fi yawa.

Ranar Alhamis da yamma ya biya wurin mai walda, ya ɗaga sirdin inda yake a da, ya sa aka liƙe shi. Gajere sai ya nemi tsani.

Asabar da safe, bayan hutun Juma'a, ya jira Mato har rana ta ɗaga, shiru. Ya kama hanya a ƙasa yana huci, yana shirya baƙaƙen maganganu. Bai kai titi ba ya hango keken kwance gefen kwata, Mato na zaune a ƙasa ya miƙe ƙafa ɗaya. Tsumman da ya naɗe ta da shi ya warware. Ƙafar ta kumbura har ta yi baƙi.

"Mato, mi ya sami ƙafarka?"

Mato ya ce akwati ne ya faɗo masa a sito, tun kafin azumi. Ba ya iya taka feda, shi ya sa yake sauke sirdin ya zauna, yana tura ƙasa da ƙafa mai lafiya har gida. Idan kafili, ubangidansa a wurin aiki, ya ji, halas, jirgi zai sa shi ya mayar da shi gida.

"To ni mi ya hana ka gaya mini?"

Mato ya daɗe yana kallon waldar kafin ya dube shi.

"Kullum kana cewa da za ka sami gurbi irin nawa. Na ɗauka kai za ka kai wa kafili labarin."

Nomau ya buɗe baki, ya tuna Gwadabe, ya rufe. Daga nan yana jin yaron mota na kiran Balad, Balad, yalla. Ya tayar da keken, ya ɗora Mato a kariyar baya, ya juya kan keken zuwa gida ya fara turawa. Sirdin na tsakaninsu a tsaye, babu kowa a kai.