Rumfar da Sodangi Ya Bayar

A shekarun da suka gabaci samun mulkin kai, akwai wani ƙaramin kamfanin jiragen sama na haya wanda Sakkwatawa suka laƙaba wa suna Shamuwa, domin ba a ganin jiragensa sai lokacinsu ya zagayo. Asalin aikinsa kwasar Turawan mulki da iyalansu ne zuwa hutu a ƙasarsu. Da Turawan suka fara raguwa, kujeru suka rasa masu zama, sai kamfanin ya waiwayi maniyyata. Bai daɗe ba bayan 1960 ya rufe, amma kafin nan ya kai mutane da dama Makka. Cikinsu akwai Sodangi mahauci, a hajjin 1958.

A sanin Sodangi, wanda ya nufi gabas ba a sa masa ranar dawowa. Mahaifinsa ya tafi a ƙasa tun shi yana yaro, aka ji labarinsa sau ɗaya daga Sudan, daga nan shiru. Saboda haka ya yi sallama irin ta mutanen da. Ya bi gida-gida yana neman gafara, sannan a gaban Sarkin Fawa da shaidu ya ba taubashinsa Jinaidu rumfarsa ta kasuwa, kyauta ba aro ba, bisa amanar ya riƙa duba masa iyali. Jinaidu ɗan gwaggonsa ne, manomi a Dundaye, wanda yakan taya shi fawa da rani. Akawun kamfanin ya faɗa wa Sodangi 'yan makonni kawai za su yi, shi kuwa ya ɗauka daɗin baki ne na masu neman ciniki.

Sai ga shi a Sakkwato gero bai ko fitar da kai ba.

Gida ya cika da 'yan barka, ana shan zamzam ana rabon dabino, amma hankalinsa ba ya wurin. Ya san kyautar da aka karɓa a gaban shaidu ba ta komawa sai da yardar mai ita, kuma ba shi da wata sana'a. Ga Jinaidu bai leƙo ba. Da mutane suka rage, matarsa Karimatu ta rage murya ta ce, "Alhaji, an ce kullum sai Jinaidu ya tambaya ko jirginku ya sauka. Wai yana da magana da kai."

Sodangi ya ɗauka maganar riƙe rumfar ce. Washegari ya sa farar rigarsa ya nufi kasuwa, yana tafe yana shirya kalmomin roƙo.

Jinaidu na hango shi ya ajiye wuƙa. "A'a! Alhajin jirgi! Ko gemunka bai ƙaru ba. Anya ka kai Makka, ko Kano ka tsaya shan hura?"

"Na kai, baƙauye," in ji Sodangi, murya a sanyaye. "Na biyo in ga rumfarka ne."

"Rumfar wa?"

"Taka mana. Gaban shaidu anka yi."

"To wallahi gaban shaidu za a kwance! Mi na yi maka ka ɗaure ni cikin ƙuda da damina? Ciyawa ta cinye min gero, Dundaye duk dariyata akai. Barka ma na kasa zuwa, wa zan bar ma nama? Ni tsorona ɗaya, ka ce kai yanzu Alhaji ne, ba ka taɓa jini."

Sodangi ya nemi kututturen sara ya zauna. Ya jima yana maimaita alhamdulillahi, sannan dariya ta ƙwace masa har da hawaye.

Jinaidu bai bari ya huta ba. Ya ja hannunsa zuwa ga Sarkin Fawa, ya tara mahautan da ke kusa, ya ɗaga murya ya ce ya ba Alhaji Sodangi rumfar nan kyauta, kuma ko Masar Alhaji zai tafi gobe kada a sake neman shi Jinaidu. Sarkin Fawa ya shafa fatiha yana murmushi, ya ce daga yau duk mahaucin da zai hau jirgi aro zai bayar.

Suna komowa suka tarar da wata tsohuwa tana jiran hanta.

"Ga mai rumfa nan, Inna," in ji Jinaidu, yana ɗaukar malfarsa zai koma gona.

Sodangi ya dubi farar rigarsa, ya naɗe hannuwanta har kafaɗa.