Haƙoran Baba Tumbi

"Wallahi wannan ba Baba Tumbi ba ne," in ji matar da ke kujerar gaba, tana nuna wa ta kusa da ita waya. "Sun canza shi. Wani kawai suka tsinto a titi."

Mutumin da ke zaune a bayanta cikin bas ɗin ya sa harshe ya shafi sababbin haƙoransa guda biyu. Shi ne Baba Tumbi. Wato shi yake sa wa maigidan nan na shirin katun a talabijin murya duk Lahadi da yamma, yau shekara goma sha tara, amma in ban da mutanen ofis ba wanda ya san fuskarsa. Su ma Mai Murya suke ce masa.

A ganinsa shirin jiya ya yi kyau. Baba Tumbi ya sayo injin wanki, ya ƙi karanta takardar bayani don wai shi ba yaro ba ne, kumfa ta cika gida har ta yi awon gaba da kyanwa. Amma duk bas ɗin ba mai zancen kumfa.

"Ni jaririn nan na cikin shirin ne yake damuna," in ji wani dattijo mai jarida. "Shekara sha tara yana rarrafe. Jikana da aka haifa makon da aka fara shirin yanzu yana jami'a."

"Baba, bar batun jariri," matar ta ce. "Ina fiton? Da, in Baba Tumbi ya shigo ya ce sannunku da gida, sai ka ji ɗan fito ya biyo maganar. Jiya kuwa kamar mai karanta labarai."

"Ƙila na da ɗin ya rasu," direba ya sa baki. "Allah ya jiƙansa."

Duk bas ta amsa da amin. Har da Mai Murya, don kada a ga ya yi shiru shi kaɗai.

Fiton nan dai ba wata gwaninta ba ce, giɓi ne. Keke ya kayar da shi yana saurayi, haƙoran gaba biyu suka tafi, iska ta samu hanya. Matarsa ta yi shekara ashirin tana mitar ya je a cike wurin, yana cewa sai wata mai zuwa. Da 'yarsu ta fara aikin jinya, ita ta tasa shi gaba har wurin likitan haƙori. Tun daga ranar, in baƙi suka zo, sai matar ta nemo labarin ban dariya don dai a ga bakin mijinta. Ya yi mata alkawari ba zai cire su ba sai zai kwanta.

A ofis ya tarar da mutum uku zaune a baranda, kowa da takarda a hannu, suna ta fito kamar masu kiwon tsuntsaye. Bai tambaya ba, ya wuce wurin darakta. Ita kuwa ta tara saƙonnin masu kallo a gabanta, tana karantawa tana dafe kai tana dariya.

"Saurari wannan, Kawu," ta ce. Haka take kiransa, don tana firamare ya fara shirin. "'Ku dawo mana da Babanmu ko mu daina kallo.' Ga wani: 'Sabon bai san Baba Tumbi ba, ya je ya kalli tsofaffin shirye-shirye ya koya.'"

"Ni zan je in koya?"

"Akwai wanda ya ce a ba ka talla, wai muryarka ta dace da tallan sabulu."

Ta ajiye takardun, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Manya sun yi zama tun da safe. Ko dai tsohuwar muryar ta dawo ranar Lahadi, ko a ɗauki wanda zai iya kwaikwayonta. Mutanen baranda ke nan.

"Wato an tara mutane su kwaikwaye ni ina raye."

"Kawu, na tsakiyar nan fa giɓi gare shi na gaske."

Shekararsa hamsin da takwas, kuma duk duniya ba abin da ya iya sai zama wani mutum mai ƙaton ciki da ba ya karanta takardar bayani.

Ya shiga ɗakin ɗaukar murya, ya sa abin kunne. Ya gwada tura harshe gaba. Ya gwada murguɗa leɓe. Ya gwada magana ta gefen baki, abin ya fito kamar tayar da ke sacewa. Injiniyan da ke bayan gilashi yana ta girgiza kai, har ya gaji ya koma duba wayarsa.

Sai Mai Murya ya ce a ba shi kofi da ruwa, kuma darakta da ta biyo shi ta juya baya. Kunya ta kama shi sosai, ga baƙin cikin alkawarin da zai karya. Ya cire haƙoran ya jefa a kofi, ya matsa kusa da makirfo ya karanta layin farko.

Injiniya ya saki waya ya miƙe tsaye. "Yauwa. Ga shi nan."

"Ashe dai," Mai Murya ya ce, fito na bin kowace kalma, "shekara sha tara haƙoran da ba ni da su ne suke aikin, ni rakiya nake yi."

Aka sallami mutanen baranda. Na tsakiyar ya fita yana ƙorafin an ɓata masa rana.

Da la'asar ya isa gida, haƙora a baki, ya sami matarsa tana guga a falo. Ya so ya yi shiru, amma bai taɓa iya ɓoye mata komai ba. Ya zauna ya faɗa mata duka, tun daga amin ɗin cikin bas har zuwa kofi. Tana ji tana guga, ba ta ɗago ba. Ta gama riga ɗaya, ta ɗauki wata.

"Ni ma jiya ban kai ƙarshe ba na kashe talabijin," ta ce.

"Ke? To me ya hana ki faɗa mini?"

"Shekara ashirin ina binka ka sa su. Da wane baki zan faɗa?"

Ta jingine dutsen guga ta shiga ɗaki. Da ta fito, tana riƙe da ɗan akwatin da take ajiye 'yan kunnenta. Ta juye su a kan tebur, ta goge cikinsa da gefen mayafi, ta miƙa masa.

"Riƙe. Kar ka ƙara sa mini su a kofin ofis, ba mu san wanda ya sha da shi ba."