Takardar Gamsuwa ta Biyar

Ranar da aka manna sanarwar neman shugaban tawaga a allon tasharmu ta kashe gobara, ni na fara karanta ta. Ni direba ne, kuma direban motar kwana-kwana in ba a buga ƙararrawa ba, ba shi da aikin da ya wuce karatun allo.

Sharuɗɗan sun zo a jere. Shekara goma a bakin aiki: yayana, da muke aiki tare a tashar, yana da ashirin da biyu. Takardar kwas ɗin jagoranci: yana da ita, har ta fara yagewa ta wajen ninki. Shaidar likita ba abin damuwa ba ce ga mutumin da yake hawa tsani da tiyo a kafaɗa, yana yi mini faɗa a kan yadda na ajiye mota. Sai batun shekarun haihuwa, kada su wuce arba'in da biyar. Saura masa wata biyu. In wannan dama ta wuce shi, ta wuce ke nan har ya yi ritaya.

Sharaɗi na biyar kuwa sabo ne fil, wani haziƙi a hedikwata ya zauna ƙarƙashin fanka ya ƙirƙiro shi. Mai nema zai kawo takardun gamsuwa guda biyar, kowacce da sa hannun mutumin da aka kashe wa gobara. A jikin takardar akwai akwatuna uku: Na gamsu sosai, Na gamsu, Ban gamsu ba. Sai ka ce a otal aka kwana, ana tambayar baƙo ko ruwan wanka ya yi zafi. Ranar Alhamis ƙarfe huɗu za a rufe karɓa.

Abokin takarar Yaya shi ne wanda muke kira Digiri. Shekararsa goma cif a aiki, takwas daga ciki a ofis yana duba ranar ƙarewar wa'adin tukwanen kashe wuta. Yaya ne ya koya masa naɗe tiyo. A kwana biyu Digiri ya haɗa takardunsa biyar, duka "Na gamsu sosai". Ai dole su gamsu. Ya kashe kwandon shara ɗaya, da tukunyar da wata ta manta a kan risho, da injin mota mai hayaƙi, da wayar lantarki mai tartsatsi, da busasshiyar ciyawa a bayan wata makaranta. Wanda aka ceto masa kwandon shara me zai hana shi murmushi?

Yaya kuwa gobarar da ake tura shi, irin wadda ake hango hayaƙinta daga ɗaya gefen gari ce. Mutanen da ya yi wa aiki babu wanda ya koma gida yana dariya, wasu ma ba su sami gidan komawa ba.

Na goya shi a babur ɗina muka fara yawon neman masu gamsuwa. Na farko mai sayar da katifu ne, wanda shagonsa ya ƙone bara. Mun tarar da shi a kan benci a gaban bango mai baƙin hayaƙi, yana sayar da matashin kai guda shida. Ya karanta takardar har sau biyu.

Ya ce, "Wato so kuke in rubuta na gamsu."

Yaya ya ce, "Da aikin da muka yi ake nufi, maigida. Wutar ba ta tsallaka maƙwabta ba."

"To ga maƙwabtan can, su gamsu."

Muka bi shawararsa. Maƙwabcin nasa mai gyaran agogo ya sa hannu ba gardama, muka sami ta ɗaya.

Wajen tela kuwa sai da muka sha wa'azi. Ya ce wuta yadi huɗu ta cinye masa, ruwanmu ya lalata masa arba'in, saboda haka in da akwai takardar gamsuwa da gobarar, ita zai sa wa hannu. Yaya ya tsaya yana sauraro kamar ɗan makarantar da aka kama da laifi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina wurin ranar, na ga lokacin da rufin shagon nan ya rufto taku biyu daga inda Yaya yake tsaye.

Zuwa safiyar Alhamis muna da huɗu. Bayan mai agogo, mun samu daga mai gadin wani sito da kayan ciki ba nasa ba ne, da wani mai gidan haya da ya daɗe yana neman dalilin tashin 'yan hayarsa, da wata tsohuwa da ta ce duk takardar gwamnati sa mata hannu ake yi a zauna lafiya.

Na ce, "Yaya, saura Malama."

Ya ce, "Ba za mu je ba, Auta."

Malama malamar firamare ce. Shekara uku da suka wuce benen da take haya ya kama da wuta da rana tsaka, tana makaranta, 'ya'yanta uku suna ciki. Yaya ya shiga ya fito da babbar, ya koma ya fito da na biyun. Da ya koma karo na uku, matakalar ta riga ta faɗi. Tun daga nan duk inda ta gamu da shi sai ta tsaya ta gaishe shi.

Ni na matsa masa, ba zan ɓoye ba. Na ce ita kaɗai ce a garin nan ta san darajar aikinsa. Na ce ko yana so ya ƙare rayuwarsa yana ƙame wa Digiri? Da ƙarfe biyu ta yi ya hau babur.

Mun same ta a ɗaki guda da ta kama a bayan makarantar, tana duba littattafan ɗalibai a kan ƙaramin tebur. Ta ba mu kujeru, ta kawo ruwa. Ni na yi bayanin, har da ƙarin gishiri a kan Digiri da kwandon shararsa.

Ta dubi Yaya ta ce, "Kawo, Malam. Wannan ai ba wani abu ba ne."

Ta sa tabarau ta karanta a hankali, yadda take karanta aikin yara. Ta ɗauki jan bironta ta kai shi kan akwatunan, sai hannun ya tsaya. Ba fushi a fuskarta. Tambaya ta yi tsakani da Allah.

"Malam, ni na saba da maki. Biyu cikin uku, wane akwati ke nan?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Yaya ya miƙe ya zare takardar daga gabanta a hankali, ya ninke ta ya sa a aljihu.

Ya ce, "Ki yafe mana, Malama. Kuskure muka yi, ba taki ba ce."

Ta rako mu har ƙofa tana cewa ita fa za ta sa hannu, a dai nuna mata wurin. Bai waiwaya ba.

Huɗu saura kwata muka shiga ofishin sakataren ma'aikata. Ya lashi yatsa ya ƙirga takardun, ya sake ƙirgawa don kada ya zalunci kowa.

Ya ce, "Huɗu ne."

Yaya ya ce, "Huɗu ne, ranka ya daɗe."

Sakatare ya jawo fayil ɗin ya rubuta a bangonsa, yana karantawa a fili don mu amfana: mai nema bai kawo isasshiyar shaidar ƙwarewa a aikin kashe gobara ba. Ya buga hatimi. Sannan ya turo rajista da tawada, ya ce sabon tsari ne, sai mai nema ya dangwala babban yatsa don tabbatar da an sanar da shi.

Yaya ya dangwala. Sakatare ya ɗaga rajistar sama yana dubawa. Shuɗin tabo ne kawai, sumul, babu zane ko ɗaya, domin fatar yatsan nan tun a ƙarfen matakalar gidan Malama ta tafi.

Sakatare ya yi tsaki ya ce, "Wannan ba zai karɓu ba. Kai ko yatsa mai kyau ba ka da shi?"

Yaya ya duba hannuwansa biyu, ya miƙa masa na hagu.