Ranar da Hoton Ya Fito Tas

Kowace Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Mama takan jingina wayata da gwangwanin sukari a kan teburin falo, mu zauna jiran kiran Yaya Medhat daga Amman, babban birnin Jordan. Shekara uku muna haka. Gidanmu yana can ƙarshen garin Disuq a ƙasar Masar, inda gine-gine suke ƙarewa gonakin shinkafa su fara, kuma sabis a wajen bai taɓa yin ƙarfi ba. Hoton yakan zo dishi-dishi, ya daskare, murya ta riga baki isowa. Mama takan matso da fuskarta ta ce, "Masha Allah, ya yi ƙiba," alhali abin da ke kan gilashin bai wuce inuwar kai da farar riga ba.

Ni kaɗai na san cewa wannan dishi-dishin rufin asiri ne. Wata goma kafin nan, a masana'antar yanka marmara inda Yaya yake aiki, ɓarɓashin dutse ya fallatsa ya tsaga masa kunci, ya shige idonsa na hagu. Idon bai tashi ba. Daga gadon asibiti ya rubuto mini: "Nesma, ki rantse da Allah Mama ba za ta ji ba. Kin san yadda ta faɗi ranar rasuwar Baba." Na rantse. Mama tana da hawan jini, kuma Medhat ne ɗanta namiji tilo. Tun daga lokacin, duk Juma'a nakan zauna a gefenta ina gode wa Allah da lalacewar sabis ɗin unguwarmu.

Sai kamfanin waya ya kafa sabon ƙarfen sabis a saman benen Hajji Sobhi, suka baza lema a bakin titi suna tallan sabis mai sauri. Goggo Fawziya, ƙanwar Baba da ke zaune a samanmu, ita ta fara saye. Da yamma ta sauko da wayarta a hannu kamar mai riƙe da jariri.

"Awatif, wallahi ke a duhu kike zaune," ta ce da Mama. "Ɗazu na kira Kuwait, har ƙurajen fuskar surukata na ƙirga. Tara ne. Ta ce wai kwalliya ce ta ɓata ta, na ce a'a, baƙin hali ne yake fitowa."

Mama ta yi dariya, amma na ga yadda idonta ya tsaya a kan wayar.

Washegari ta sa baƙar abayarta ta ce in raka ta. A ƙarƙashin lemar, wani saurayi mai sheƙin gashi, Ustaz Ramzi, ya karɓi wayata ya jujjuya ta ya yi murmushi.

"Hajiya, wannan ai sai gidan tarihi. Ba ta ɗaukar sabon sabis. Sai an sake waya, sannan a ɗora tsarin wata-wata."

Da ya faɗi kuɗin, Mama ta juya ta bar lemar. Ni kuwa raina ya yi sanyi, na ɗauka magana ta mutu. Amma ba gida muka nufa ba. Ta ja ni zuwa layin maƙeran zinariya, ta tsaya a ƙofar wani shago, ta fara murza awarwaron da ke hannunta. Biyu suka rage mata cikin waɗanda Baba ya kawo lokacin aurensu. Matan garinmu ba sa cire irin wannan sai don asibiti ko likkafani.

Na yi shekara huɗu a jami'a a Tanta, na karanta ilimin zamantakewa, amma ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. A bakin shagon nan na tattaro duk abin da nake da shi.

"Mama, abin nan bai kai kuɗinsa ba. Saurinsa shi ne saurin ƙarewarsa. Kafin rabin wata data ta ƙare, sai an sake saye. Kuma ai muna jin muryarsa."

"Muryarsa na haifa?"

"Sau ɗaya fa muke kira a mako."

"Ke ba ki haihu ba, 'yar jami'a. Shekara uku ina kallon ɗana kamar ta cikin ruwan wanki. Miƙo sabulun can, abin ya ƙi fita."

Mai shagon ya ba ta sabulu da ruwa. Awarwaron ya fita da ƙyar, ya bar farin zobe a fatarta. Da zan iya cewa, "Mama, akwai abin da ba ki sani ba," da a nan ne wurinsa. Na riƙe mata jaka kawai.

Muna komawa gida na shiga banɗaki na rubuta wa Yaya. Bai rubuto ba, muryarsa ya turo, ana jin ƙarar injin a bayansa.

"Ki hana ta mana! Ki ce wayar jabu ce, ki jefa ta a ruwa, ki yi wani abu. Ke dai har abada bakinki na cin abinci ne kawai?"

Na rubuta cewa an riga an saya. Can ya ce zai nemi tabarau.

Ran Juma'a Mama ta dafa miyar lalo da zomo da shinkafa, abincin da ya fi so, kamar zai miƙo hannu ta cikin wayar ya ci. Ta sa sabon ɗankwali. Goggo Fawziya ta sauko tun kafin liman ya sallame, wai ta zo ta nuna mana inda ake dannawa. Ni na jingina sabuwar wayar da gwangwanin.

Kiran ya shigo. Mama ta danna da kanta.

Ustaz Ramzi bai yi ƙarya ba. Hoton ya fito tas, kamar an buɗe taga. Na ga tsagar da ke bangon ɗakin, na ga katifu shida a jibge a kusurwa, da igiyar shanya, da tukunya a kan ƙaramin risho. Shekara uku yana ce mana ɗakinsa shi kaɗai ne. Farar ƙurar marmara tana cikin girarsa. Ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Ga baƙin tabarau ya rufe rabin fuskar.

"Iye! Ɗan wasan fim!" in ji Goggo. "Medhat, aikin dutse muka tura ka ko Alkahira ka gudu kana rawa? Wace ce ta saya maka? 'Yar Amman ce? Tana da ƙiba?"

Ya yi dariya, dariyar ta yi tsayi fiye da yadda ya kamata. "Goggo, ke dai ba kya tsufa. Mama, ya jiki? Kin gan ni yanzu, hankali ya kwanta?"

Mama ta ƙura wa hoton ido. Ta matso har numfashinta yana taɓa gilashin. Tabarau ɗin ya rufe idon, amma bai rufe tabon ba. Wani jan layi mai alamun ɗinki ya sauko daga ƙarƙashin gilashin hagu zuwa tsakiyar kunci. A tsohuwar wayata ko inuwarsa ba ta taɓa fitowa ba.

"Cire wannan abin," ta ce.

"Rana ce, Mama, ta yi yawa a nan."

"A cikin ɗaki?"

"Sabis ɗin yana yankewa, ban ji ki sosai ba."

"Ba ya yankewa. Awarwaron ubanka na sayar don kada ya yanke. Cire, Medhat."

Goggo ta daina dariya. Ya kalli gefe, inda wani yake tari a bayan kyamara. Sannan ya sa hannu ya cire.

Fatar idon ta shanye ta lotsa ciki, abin da ya rage a tsakiya fari ne kamar dafaffen ƙwai. Ɗayan idon, mai lafiyar, bai kalli Mama ba. Ni ya nema a gefen hoton.

Goggo ta dafe ƙirji ta fara salati da kururuwa. Ni na miƙe na tsaya a bayan Mama da hannuwa a buɗe, ina jiran ta sulale. Ba ta faɗi ba. Ta zauna ƙyam, ta daɗe tana kallo.

"Ka ci abinci?" ta tambaye shi.

"Na ci."

"Yana ciwo?"

"Ya daina tuntuni."

"Tuntuni," ta maimaita. "Ka dawo gida."

"In dawo in yi me, Mama? A nan sun bar ni ina loda kaya. A Disuq wa zai ɗauki mai ido ɗaya?"

Bai jira amsa ba, ya ce ana kiransa, ya kashe. Gilashin ya yi baƙi, fuskokinmu uku suka fito a ciki.

Mama ta kifa wayar. Ta ce da Goggo ta hau sama, kuma kada unguwa ta ji. Goggo, wadda ba a taɓa kora ta tafi ba, ta tafi. Miyar ta huce a tukunya.

"Ke ya kalla," in ji Mama, ba tare da ta juyo ba. "Tun yaushe?"

"Wata goma."

"Wata goma kina zaune a nan, ina cewa ya yi ƙiba."

"Ya sa na rantse, Mama. Saboda jininki."

"Jinina." Ta shafa farin zoben da ke hannunta. "Lokacin da ake ɗinke shi ina nan ina soya kifi. Ko addu'a ɗaya ban yi wa idon ba, don ban san yana buƙata ba. Kin hana ni wannan. Kuma kika raka ni shagon zinariya, kika riƙe mini jaka."

Babu abin da na sani a littafi ko a waje da zai shiga wurin.

Data ta ƙare ran sha bakwai ga wata, domin Mama ta koyi kiran bidiyo da kanta, tana kira safe da rana da yamma, kuma idan ta gaji sai ta buɗe hotunan asibitocin ido tana kallo, ba ta iya karanta abin da aka rubuta a ƙasa. Yaya ba ya ɗauka. Idan ya ga kiran hoto sai ya katse, bayan awa ɗaya ya kira da murya kawai, minti biyu ko uku. Ni kuwa saƙo ɗaya ya turo mini: "Aiki ɗaya na ba ki." Na amsa sau huɗu, bai buɗe ba.

Na ce da Mama mu koma ƙaramin tsari, tunda murya kawai ake yi, kuma murya ba ta buƙatar wannan saurin. Na yi mata bayani a hankali, kamar yadda zan yi wa malami a jarrabawa. Ta saurare ni har ƙarshe.

"Idan ranar da ya yarda ya buɗe hoton ta zo fa? In gan shi ta cikin ruwan wanki?"

Ta sa abayarta ta tafi wurin lemar ita kaɗai. A da ni ce mai zuwa kasuwa, ni ce mai karɓo mata magani, ni ce mai karanta mata takarda. Yanzu Goggo take kira ta taga. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Tana zuba mini abinci, tana amsa gaisuwata. Nama ya ɓace daga miyarmu, ba wanda ya yi maganarsa.

Juma'ar da ta wuce wayar ta yi ƙara muna tsakiyar tsince shinkafa. Kiran murya ne. Mama ta goge hannu a zaninta ta ɗauka, na ji ya ce, "Mama," da wata murya a gajiye. Na matsa gefe a kan tabarma don ta sami wurin zama kusa da ni. Ta miƙe da wayar a kunne, ta shiga ɗakinta, ta tura ƙofar har sakata ta kama.

Na ci gaba da tsince shinkafar. Akwai tsakuwa da yawa a ciki, irin mai arha ce.