Zafi Hagu, Sanyi Dama

Shekara talatin da ɗaya yana aikin famfo, bai taɓa haɗa bututu a baibai ba sai ranar nan, kuma da gangan ya yi.

Tun hantsi yake kan rufin gidansa. Ya kafa baƙin farantin da ke zuƙar zafin rana, ya ɗora tanki a samansa. Bututun sanyi ya shiga ta ƙasa, na zafi ya fita ta sama, kowace mahaɗa ya naɗe ta da farin tef ya ɗaure da sufana. Ya saka wa mutane irin wannan ba adadi, amma matarsa a tukunya take dafa ruwan wanka. In ta yi magana sai ya ce, "Wata mai zuwa, ranki ya daɗe." Watan bai tashi zuwa ba sai da ɓarin jikinta na hagu ya shanye, maganarta ta ɗauke.

Sati uku ke nan da sallamo ta daga asibiti. 'Yarsu ta baro gidan mijinta ta zo jinya, ita ke yi mata wanka. Abin da ke ci wa mai famfo rai shi ne yadda matar take fitowa daga banɗaki, kai a sunkuye, ido jawur. Matar da ko zazzaɓi ya kayar da ita ba ta yarda a riƙe mata buta!

Ya sauko ya shiga banɗakin, ya gitta bututun biyu a cikin bango. 'Yar tana bakin ƙofa tana kallo.

"Baba, ba kai ne kake cewa zafi hagu, sanyi dama ba? Tun muna yara muka haddace."

"Ni ne."

"To ya ka juya su?"

"Hannun dama ne ya rage mata. Na sa abin da zai surka ruwan tun daga sama, ba zai ƙona ta ba. Ta zauna nan, ta miƙa hannu kawai. Ke kuma ki tsaya a waje."

Wannan doka tasa babu wanda bai sha ta ba a gidan. Kullum ya dawo aiki sai ya zauna yana kushe aikin wasu, waɗanda suka sa zafi a dama kamar ba su da maigida. Matar takan ce, "Mun ji, Malam Zafi-hagu, ci abincinka," ta ci gaba da harkarta. Shi a ganinsa maganar ta bayan kunnenta take bi.

Da la'asar ruwan ya yi zafi. Suka zaunar da ita a kujerar roba, ya dafa kan famfon dama ya ce, "Wannan za ki murɗa." Ta dube shi kawai. Likita ya ce ba duk abin da aka faɗa take kamawa ba, amma mai famfo ya ƙi tunawa da hakan. Suka ja mata ƙofa.

Can kujera ta yi ƙara, ruwa ya fara zuba, har mai famfo ya buɗe baki zai yi hamdala sai suka ji faɗuwa.

'Yar ce ta fara shiga, ta lulluɓe ta da zane. Ashe hannun daman ta miƙa ya ƙetare jikinta har ya kai famfon hagu, kujerar ta zame da ita. Tana kwance, ruwan sanyi na dukan kafaɗarta. Ya rufe famfon, ya durƙusa. Ta daɗe tana kokawa da harshenta.

"Zafi... hagu."

Tun ranar da ta faɗi ciwo, wannan ce maganarta ta farko.

"Haka ne," ya ce. "Ke kika yi daidai. Ni na ɓata."

Ta kau da kai ta fuskanci bango.

"Baba, ɗan ba mu wuri," in ji 'yar a hankali. "Zan yi mata."

Ya fito ya zauna a ƙasa, kusa da jakar kayan aikinsa. Daga ciki ya ji 'yar ta tayar da kujerar, ta murɗa famfon dama.